Zaren fatsa da ya shekara uku a ajiye: a zubar ko a mayar da shi ruwa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne kuma ina taɓa kamun kifi, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Guri ta Jihar Jigawa. Shekara 3 da suka wuce, da na sayar da shinkafa, na sari zaren roba na fatsa kwarkwaro 6 tare da murɗaɗɗen zare na ƙugiya, don gudun tashin farashi. Na buɗe 2 na yi aiki da su, saura 4. Biyu suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, biyu kuma na rataye su a ƙusa a rumfar kwano ta ƙofar gida, na manta da su. Yanzu ruwa ya fara ja da baya, ina shirin ɗaura ƙugiyoyi, sai na taɓa zaren na ji ya yi tauri. Wani ya ce in zubar, wani ya ce roba ba ta lalacewa. Shin zare yana da wa'adi? Shekara nawa yake yi a ajiye? Kuma in na samu kuɗi bana, in sake saye da yawa ko in haƙura?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya sa an yi damina mai albarka. Tambaya uku ka dunƙule wuri guda: ko zare yana da wa'adi, yadda za ka yi da kwarkwaro 4 da suka rage, da kuma ko sarin zare da yawa dabara ce ko asara.

Mutum biyun da suka ba ka shawara, kowanne ya kama gefe guda na gaskiya. Wanda ya ce roba ba ta lalacewa, ruɓewa yake nufi, kuma bai yi ƙarya ba, domin nailan, wato robar da ake yin zaren da ita, ba ya ruɓewa yadda auduga take yi. Sai dai zare yana iya mutuwa alhali a ido yana nan sumul. Ka ɓata kwana biyu kana ɗaura ƙugiya, ka nemo tana, ka shiga ruwa da sanyin asuba, ramboshi guda ya fizga ya tafi da ƙugiyar a bakinsa. Shi kuma wanda ya ce ka zubar ya yi gaggawa, don ba ƙidayar shekara ce ke kashe zare ba. Rana ce da zafi. Zaren da ya shekara 4 a cikin duhu da sanyi yana iya fin wanda ya yi wata 6 a rataye a bakin shago ƙarfi. Saboda haka tun kafin mu yi nisa, ga inda zuciyata ta karkata: biyun da ke cikin akwati ina kyautata musu zato, biyun da ke rumfa ina tuhumarsu. Amma daga nan inda nake ba zan yanke wa zarenka hukunci ba, sai hannu ya taɓa, kuma zan nuna maka yadda za ka gwada da kanka da jarka da ruwa.

A gidan masunta na tashi, a bakin Kogin Haɗeja, daga baya kuma na yi aikin wayar da kan masunta a ƙauyukan fadama da na bakin madatsun ruwa. Abin da zan faɗa maka wani daga karatu ne, wani daga abin da hannuna ya ɗaura ya kuma kwance.

Wane irin zare ne a hannunka?

Iyayenmu da kakanninmu da auduga da rama suke murza zarensu. Wannan zare ruwa da laima ne abokan gabarsa: in aka naɗe shi da danshi sai ya yi fumfuna ya ruɓe, gara ma tana cinsa. Shi ya sa suka saba da shanya komai a rana da zarar an fito daga ruwa, kuma a zamaninsu daidai ne. Matsalar ita ce zaren ya canja, al'adar shanyar ba ta canja ba. Nailan an ƙirƙiro shi a kamfanin DuPont na Amurka a 1935, aka fara sayar da shi a matsayin zaren fatsa a 1939, daga baya ya mamaye duniya har ya iso fadamunmu. Shi danshi ba ya ruɓar da shi, rana ce ke cinye shi. Wato abin da yake magani ga zaren kakanka, shi ne cuta ga naka.

Abin da ya fi yawa a kasuwanninmu iri biyu ne, kuma duka biyun kana da su. Akwai zaren roba mai sili ɗaya, mai santsi da ake hango haske ta cikinsa, wanda ake yin fatsa da shi ana kuma saƙa ragar kifi da ake kira kalli. Akwai kuma murɗaɗɗen zaren nailan, wanda in ka warware shi za ka ga siraran silalla masu yawa, shi ne ake ɗaura 'ya'yan ƙugiya da shi a mari-mari, wato dogon zare mai jerin ƙugiyoyi da yawa, a yi gyaran ragar birgi da ta taru. Sai igiyar roba shuɗiya ko koriya da wasu ke yin uwar ƙugiya da ita, wato babban zaren da ake jera ƙugiyoyin a jikinsa. Ita ba nailan ba ce, wata roba ce daban mai tasowa saman ruwa, kuma wani nau'inta ya fi nailan saurin mutuwa a rana.

Akwai wasu iri biyu masu tsada da sai jefi-jefi ake ganinsu a wajenmu, galibi a hannun masu fatsar nishaɗi da ke zuwa Tiga ko Bagauda daga birni. Ɗaya fulorokabon ne, wanda kamfanin Kureha na Japan ya fara fitarwa a matsayin zaren kamun kifi a 1971. Kusan ba ya shan ruwa, rana kuma ba ta yi masa illa sosai. Ɗayan kitsattsen zare ne da ake yi da wata roba mai tsananin ƙarfi da ake kira Dyneema ko Spectra. Na ambace su ne don in ka ji wani yana cewa zarensa ya shekara 10 bai yi komai ba, ka fara tambayarsa wane iri ne, kada ka auna naka da nasa.

Abin da ke cin zare a ajiye

Babban maƙiyi hasken rana ne. A cikinsa akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke shiga jikin roba yana kakkarya ƙananan sarƙoƙin da suka riƙe ta. Ka san yadda bokitin roba da aka bari a tsakar gida yake koɗewa, ya yi fari-fari, wata rana a ɗauko shi da ruwa hannunsa ya ɓalle? To wannan ɗin ne ke faruwa da zare, sai dai shi siriri ne, ba shi da kaurin da zai ɓoye cikinsa, don haka abin ya fi saurin kai masa. Ɓarnar kuma ba ta da gyara. Ba ruwa, ba mai, ba wani jiƙo da zai dawo da sarƙar da ta karye. Kada kuma inuwar rumfa ta ruɗe ka. Rumfar ƙofar gida hantsi yana shiga ta gefe guda, la'asar ta shiga ta ɗaya gefen, ga hasken da farar ƙasa ke maidowa sama. Shekara 3 na wannan ba ƙaramin abu ba ne. Murɗaɗɗen zare ya ma fi mai sili ɗaya jin jiki, domin kowane siririn sili a cikinsa haske yana samunsa, kuma fari ya fi rinanne saurin mutuwa.

Na biyu zafi ne, kuma a nan ne mu mutanen Jigawa da Kano muka bambanta da waɗanda suka ƙera zaren. A watannin Afrilu da Mayu zafin yankinmu yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuwa ya wuce haka nesa. Wannan zafi bai kai ya narkar da nailan ba, don sai ya haura digiri 200 yake narkewa, amma yana hanzarta tsufansa, domin iska tana cin roba a hankali, kuma duk yadda zafi ya ƙaru cin yana ƙara sauri. Bambancin zafi da haske shi ne haske a saman naɗi yake tsayawa, zafi kuwa har cikin kwarkwaro yake ratsawa. Wani wuri da na sha ganin ana kashe kayan aiki ba a sani ba shi ne kusa da banda. Mutum ya dawo daga ruwa, ya rataye ƙugiyoyinsa a jikin dirkar rumfar da ake bandar tarwaɗa, wuta tana ci dare da rana. Kaka guda ta isa ta gama da su.

Na uku shi ne wanda ya tayar maka da hankali, wato taurin da ka ji, kuma a nan nake so ka natsu, don tauri iri biyu ne. Nailan yana shan ruwa. In ya daɗe a jiƙe yana iya shan abin da ya kusa kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, kuma wannan ruwan da ke jikinsa shi ke sa shi laushi. In iskar hunturu ta buso, danshi ya ƙare a sarari, shi ma zaren sai ya bushe ya sandare. Ƙari a kan haka, zaren da ya daɗe a naɗe yana riƙe siffar kwarkwaronsa, in ka warware sai ya riƙa nannaɗewa yana ƙin miƙewa. Wannan tauri ba mutuwa ba ce. Ka jiƙa shi a ruwa mai ɗan ɗumi, ba mai zafi ba, ya kwana, da safe ka ja shi a hankali tsakanin bishiya biyu, zai saki jiki. Taurin da ke da haɗari shi ne na wanda rana ta ƙona: ko ya kwana 2 a ruwa ba ya laushi, in ka lanƙwasa shi wurin ya yi fari, wani lokaci ma ya karye. Na ga masunta da yawa sun zubar da zare mai kyau a watan Janairu don kawai ya bushe, na kuma ga waɗanda suka shiga ruwa da ƙonanne don sun ji an ce jiƙawa tana gyara shi.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna da ɓarna. Ruwan batir, ko na mota ko na sola, yana cin nailan kai tsaye, haka ma ruwan da tsohon batirin tocila ke zubarwa in ya fashe, da sinadarin da ake sa wa fararen kaya don su yi haske. Don haka ka duba abin da ke cikin akwatin nan tare da zaren. Fetur da kalanzir ba sa narkar da nailan, amma warinsu yana kama murɗaɗɗen zare, kuma masunta da yawa ba sa yarda su kai irin wannan ruwa. Ɓera da kyankyaso ba ruwansu da sabon zare, amma wanda ya taɓa shiga ruwa yana ƙarnin kifi sai sun gwaigwaye shi. Sai tsatsa: ƙugiyar da aka ajiye a ɗaure da danshi tana yin tsatsa daidai wurin ƙulli, tsatsar kuma tana da kaushi, tana yanka zaren a inda ya fi rauni.

Shekarun da ake faɗa

Ba a buga wa zare ranar lalacewa a jikin kwali kamar magani. Abin da ke yawo tsakanin masu ƙerawa da masu sayarwa ƙiyasi ne: nailan mai sili ɗaya shekara 2 zuwa 3 a ajiye, fulorokabon shekara 7 zuwa 10, kitsattse wajen shekara 10. Ka riƙe waɗannan a matsayin ma'auni na kusa-kusa, ka kuma tuna an faɗe su ne a ƙasashen da ɗakin ajiyarsu bai san bazarar Haɗeja ba.

Ga abin da ni nake aiki da shi. Nailan da ke cikin duhu a ɗakin ƙasa mai rufin azara, ina amince masa har shekara 3 ba tare da fargaba ba, in kuma ya ci gwaji ina aiki da shi ko ya kai 5. Wanda ke cikin akwati amma a ɗakin kwano marar silin, daga shekara 2 nake fara tuhumarsa. Wanda ke rataye inda haske ke samunsa, bazara guda ta isa ta kashe samansa. Wanda kuma yake aiki kullum a ruwa, wannan ba maganar ajiya ba ce, kaka guda ko shekara guda ake sauya shi, musamman 'ya'yan ƙugiya.

Akwai wani abu da kusan kowa ke mantawa. Shekarun zare ba daga ranar da ka saya suke farawa ba. An ƙera shi a wata ƙasa, ya yi watanni a jirgin ruwa da tashar Legas, ya zauna a sito a Kano, ɗan kasuwa ya saro shi yana yawo da shi daga wannan kasuwar ƙauye zuwa waccan, yana baza shi a kan buhu a tsakiyar rana duk mako. Kai kana lissafin shekara 3, mai yiwuwa zaren ya ba 5 baya. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa ba na dogara da lissafi, na fi dogara da gwaji.

Yadda za ka gwada

Ka fara da kwarkwaron da ke rumfa. Warware taku 20 zuwa 30 daga sama ka yanke ka ajiye gefe, don wannan shi ne ya sha hasken. Ka duba gefen naɗin ma, inda kwarkwaro bai rufe ba. Sannan ka yanko guntaye daga sabon wurin da ka buɗe, kowanne kamar kamu 3, ka jefa su a ruwa su kwana. A jiƙe za ka gwada, domin a jiƙe zai yi aiki, kuma nailan in ya sha ruwa ƙarfinsa yana raguwa da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ko da sabo ne.

Da safe ka fara da ido da yatsa. Ɗaga shi a haske. Lafiyayyen zare yana sheƙi, launinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya mutu ya dushe, ya yi hazo-hazo, wani ya koma ruwan ɗorawa. Ja shi tsakanin babban yatsa da manuni: in ka ji kaushi, ko farin gari ya maƙale maka a yatsa, magana ta ƙare, ba sai ka wahalar da kanka da jarka ba. A murɗaɗɗen zare kuma ka murza shi baya ya buɗe. In siraran silallan suna tsinkewa suna tashi kamar gashi, ya tafi.

In ya tsallake wannan, sai gwajin nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, don haka jarka da gorar ruwa sun ishe ka sikeli. Nemi reshe mai ƙarfi ko dirka, ka nannaɗe bakin zaren sau 6 ko 7 a jikin sanda mai santsi da za ka ɗaure a can, kada ka ɗaura a ƙusa ko waya don za su yanka shi su ba ka amsar ƙarya. Ɗaya bakin ka ɗaura shi a hannun jarka da irin ƙullin da kake ɗaura ƙugiya da shi, ka shafa masa yawu kafin ka ja ya tsuke, domin ƙullin da aka ja a bushe gogayya tana ƙona shi. Jarkar ta yi lilo kamar taƙi guda daga ƙasa, kada ta fi haka. Sai ka riƙa zuba ruwa da gora mai lita 1 da rabi, a hankali, kana ƙirgawa, har zaren ya tsinke. Ka ƙara kamar kilo 1 na nauyin jarkar kanta. Ka kawar da fuskarka gefe, ka kori yara daga wurin, don nailan in ya tsinke yana dawowa da ƙarfi, kuma ido yake nema. In zaren mai kauri ne da jarka guda ba za ta tsinka ba, ka ari sikeli mai ƙugiya irin na masu sayen amfanin gona, ka ja da sanda kana kallon allura.

To da me za ka kwatanta? A jikin kwarkwaro akan rubuta ƙarfinsa da kilo ko da laba. Laba 20 kilo 9 ce, laba 30 ta ɗan haura kilo 13 da rabi, laba 50 kusan kilo 23. Amma rubutun da ke jikin zare mai araha ba abin rantsuwa ba ne, kuma ƙulli kansa yana rage ƙarfi, har ƙullin nan na kowa-da-kowa da ake yi wa bakin zare yana iya cinye kusan rabi. Saboda haka hanyar da ta fi ita ce ka samo ɗan guntun sabon zare mai kauri ɗaya da naka daga wajen maƙwabci, ka jiƙa shi tare, ka yi masa ƙulli iri ɗaya, ka ga a gora ta nawa zai tsinke. In sabo ya ɗauki gora 8, naka ya ɗauki 7, ka yi aikinka hankali kwance. In naka a ta 5 ya tsinke, ya sauka daga matsayin zaren manyan kifi. Ni iyakata kashi 3 cikin 4 na ƙarfin sabon ce: abin da ya gaza haka ba na ɗaura masa ƙugiyar da nake sa ran ramboshi ko giwan ruwa.

Kada ka gwada sau ɗaya ka tashi. Yi sau 4 ko 5, da guntaye daga wurare daban-daban. Abu biyu za ka lura da su, kuma a wurina sun fi adadin gorar muhimmanci. Na farko, a ina yake tsinkewa? In a ƙulli ne, haka lafiyayyen zare yake yi. In a tsakiya ne inda babu komai, jikinsa ya lalace. Na biyu, amsar tana zuwa iri ɗaya? Zaren da kullum a gora ta 6 yake tsinkewa ya fi mini wanda yanzu ya kai 8, an jima ya tsaya a 3. Na farkon ka san iyakarsa, za ka iya zaɓa masa aikin da ya dace. Na biyun yana da wurare matattu a ɓoye, kuma a mari-mari mai ƙugiya ɗaruruwa, wuri guda matacce a uwar zare ya isa ka rasa rabin kayanka a cikin ciyawar kachalla.

Wani zai ce, ai kifin da nake kamawa bai wuce kilo 2 ba, me zan yi da ƙarfin kilo 9? Nauyin kifi ba shi ke tsinka zare ba, don a cikin ruwa kusan ba shi da nauyi. Fizga ce ke tsinkawa, da gogayya. Sabon nailan yana miƙewa ya shanye fizgar, tsoho ya rasa wannan miƙewar sai ya ɓalle farat ɗaya. A wajenku Guri ga kachalla da ciyawar da ruwa ke kwasowa ta lafta wa uwar zare, ga ƙayar kurungu mai haƙora da ke zagar zare duk lokacin da ya yi birgima, ga haƙoran tsage. Masuntan madatsar Tiga kuwa, nasu abin duwatsu ne da kututturan da ruwa ya shanye. Ko'ina dai zare yana bukatar rarar ƙarfi fiye da nauyin abin da zai kama.

Wanda ya faɗi gwaji, da wanda za ka saya

Zaren da ya sauka daga matsayinsa bai zama shara ba. Yana ɗinke bakin buhu, yana ɗaure gura, wato tarkon kifi, yana gyaran ƙananan ramukan koma, yara ma suna fatsar karfasa da kawara da shi a bakin gaɓa. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka jefa shi a ruwa ko a juji. Ƙarfin kama kifi ne ya ƙare masa, amma jikinsa zai daɗe ƙwarai bai narke ba, yana naɗe ƙafar agwagwa da ɗan akuya, yana shaƙe tsuntsayen da ke sauka fadamun Baturiya da kewaye lokacin sanyi. Wanda ba shi da sauran amfani ka dunƙule shi ka binne da zurfi.

Game da sari kuwa, ban ga laifinsa ba. Zare daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma kowa ya ga yadda kaya suka tashi tun da darajar naira ta faɗi a 2023. Wanda ya saya kafin nan ya ci riba, in dai ya iya ajiya. Shawarata ka sayi abin da za ka cinye cikin shekara 2, kada ka wuce haka, kuma ka riƙa fara aiki da tsohon kafin sabon. Ranar da ka kawo shi gida ka rubuta wata da shekara a jikin kwarkwaron da biro ko ka karce da wuƙa, don bayan damina biyu ba za ka tuna wanne ya riga wanne ba.

Wurin ajiya ba ya bukatar kuɗi. Ka sa kowane kwarkwaro a baƙar leda ka ƙulle, ka zuba su a bokitin fenti mai murfi wanda aka wanke, ko tsohuwar tukunyar ƙasa da za ka rufe da faifai ka danne, ka ajiye a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da murhu da batir da maganin feshi. Ƙasa ta fi saman azara ko ƙusar bango, don zafi sama yake taruwa. Akwatinka na ƙarƙashin gado ya yi daidai, shi ya sa nake kyautata wa biyun nan zato. Kayan da suka shiga ruwa kuma ka ɗauraye musu laka da yashi kafin ka naɗe, domin yashin da ya shige cikin murɗaɗɗen zare yana yanka shi daga ciki, sannan ka shanya a inuwar bishiya inda iska ke kaɗawa, ka kwashe da zarar sun bushe. In fatsa ce, ka naɗe ta a gora ko faffaɗan katako maimakon siririn kara, za ta fi saurin miƙewa in ka tashi aiki.

A kasuwa kada ka karɓi wanda aka baza a gaba don talla, ko da shi ne mai sayarwa ya miƙo maka. Ka ce ya ciro maka daga cikin kwali. Ka duba takardar da ke manne a jikin kwarkwaron: in launinta ya koɗe, zaren ma ya sha ranar da ta koɗar da ita. Ka roƙe shi kamu guda, ka yi ƙulli ka naɗe a sanda biyu ka ja a gabansa. Mai kaya na ƙwarai ba ya hana wannan. In kuma za ka sari da yawa, ka fara sayen guda ka kai gida ka yi masa gwajin jarka, in ya ci sai ka koma mako mai zuwa ka kwashi sauran daga kwali ɗaya.

Allah ya ba da sa'a, ya sa a shiga ruwa lafiya a fito lafiya.